Ina Damagaram Aka Yi Ruwan Shuka

Matameye

Da aka sallame sallar asuba na nufi tasha. 'Yan wani furoje, wato shirin tallafin noma, ne suka gayyaci manoma taro a Damagaram, wai za su raba irin gero mai saurin nuna, sun kuma aiko cewa kada mu shuka tsohon iri. Saboda haka na ce wa uwargida, Hajara, kada kowa ya taɓa gona sai na dawo. Mu dai a nan, in aka yi ruwan shuka, washegari ake zuba iri tun ƙasa na da lema. Wanda ya makara, sai ya jira wani ruwan, in zai zo.

Direba ya cusa mu kamar buhunan albasa. Ya leƙa gabas, ya ce, "Baba, da wannan hadarin za ka bar gona?"

Na ce, "Bana ya sha haɗuwa yana watsewa. Ja mu tafi."

Kance zuwa Takeita

A shingen Kance jandarma ya juya katina ya miƙo mini. A Takeita taya ta fashe, muka sha fura a tsaye, rana na gasa mu.

Damagaram

Aka kai mu wani otal, ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, injin wuta na ta tofar da baƙin hayaƙi a bayan taga. A nan ne za a koya mana illar hayaƙi!

Wata malama ta tashi, kuma ita kam ta san abin da take faɗi. Ta ce rana na ɗumama ƙasa, ƙasa na mayar da zafin sama, amma hayaƙin motoci da masana'antu ya taru ya zama kamar bargo, ya hana zafin fita. Teku ya ɗumama, iskar da ke kawo mana damina ta rikice. Shi ya sa ruwa ke makara, ko ya zo da ambaliya, ko ya ɗauke lokacin da gero ke tsakiyar fitar da kai.

Na ɗaga hannu: "Malama, mu da jaki da amalanke, hayaƙin wa muke biya?"

Ta ce, "Na waɗansu ne, Baba. Gaskiyar ke nan."

Sauran kuwa, kayan haushi. Wani mai ƙaton ciki ya yi ta zuba Faransanci, 'yan uwansa na tafa masa. Aka raba mana riguna da huluna, aka jera mu aka ɗauki hoto. Da na tambayi iri, ya ce sai gobe. Muka kwana gidan wani ɗan garinmu, a kan tabarma, sauro ya yi biki.

Da safe Hajara ta kira ni: "Malam, jiya an kwana ana ruwa. Duk gari na gona. Mu fita?"

Na ce ta dakata, yanzu zan taho da iri. Na ruga wurin mai ƙaton cikin. Ko kunya babu, ya ce, "Ai iri sai an kammala rahoto. Ka yi haƙuri, Alhaji."

Ni ko hanyar Makka ban sani ba. Na kira Hajara in ce su shuka tsohon irin, waya ta ƙi shiga.

Komawa

Mota ba ta cika ba sai bayan la'asar. Tun daga Kance nake ganin gonaki an shuke su layi-layi. Kafin in shiga gida na biya tawa, na tona ƙasa da yatsa. Iska da rana sun riga sun shanye lemar.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na gode wa malamar nan, yanzu na san dalilin da ya sa ruwa ke yi mana rowa. Masu taron damina a cikin damina kuwa, Allah ya isa. Geron maƙwabta ya tsiro, tawa gonar na nan fayau, kuma har yau sama ba ta sake cewa komai ba.