Ƙaryar da Na Yi wa Bagaruwa

Lokacin da abin nan ya faru, ni mai ɗinkin jakunkunan fata ce a wani ɗan shago a Yantala, kuma duk wanda ya san ni ya san ni da rawar kai. Fatar da nake aiki da ita daga wurin kawuna nake saro ta, ƙanen mahaifiyata, majemi ne a bakin kogi wajen Gudel, tsakiyar masu garka. Tun ina ƙarama ba na son zuwa wurinsa saboda wari, amma fatarsa ko ido rufe ka shafa ka san ba ta da ta biyu.

Wata rana wata Baturiya mai kanti a Faransa ta ga jakunkunana a waya, ta aiko da kumandi, wato odar kaya, mai yawan da ban taɓa mafarki ba. Har guɗa na rangaɗa a shago, maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Sai dai ta ce akwai sharaɗi. A ƙasashensu doka na tafe, kaya sai sun sami abin da ta kira fasfo, ita kuma tana so ta shirya da wuri. Wani ɗan tambari ne mai baƙi da fari da ake liƙa wa jaka, duk wanda ya haska shi da waya zai ga fatar wace dabba ce, daga ina take, wa ya jeme ta, da me aka jeme, da me aka rina. Abin ya burge ni ƙwarai. Jakata da fasfo, ni da ko Gaya ban taɓa wucewa ba!

Na shiga tattara bayani baki har kunne. Na bi mai sai da zare da mai zip a kasuwa da tambayoyi har suka fara ɓuya in sun hango ni. Na hau kabu-kabu zuwa wurin Kawu, na ɗauke shi foto ta kowace kusurwa. Ya zaunar da ni ya lissafa mini komai: fatar jar akuya ce daga Maraɗi, toka ke cire gashi, kashin tantabara ke tausasa ta, bagaruwa ke jeme ta, karan dafi ke ba ta ja. A nan murnata ta ɗan tsaya. Yaya zan rubuta wa matan Faransa cewa jakar da suke ratayawa ta kwana cikin kashin tsuntsu da ƴaƴan itacen da awaki ke ci? Da na zo cike bayanin fasfon a waya, na kai gurbin da ake tambayar abin jima, sai na ga zaɓi biyu, tsirrai ko kurom. Na duba a waya na ga kurom ne manyan masana'antu ke amfani da shi. Ban san ko mene ne ba, sunan ne ya yi mini kama da ci gaba, na danna shi kusa da sunan Kawu da fotonsa.

Da tambarin ya fito, ƙafata ba ta zauna ba. Na rataya jaka ɗaya na tafi suna a Gudel, ina miƙa wa mata ina cewa kowa ta haska ta sha mamaki. Cikinsu akwai matar wani mai garka, malamar asibiti ce, ta karanta ta miƙo mini jakar, ni kuwa na ɗauka abin ya burge ta ne. Ashe ta san kurom guba ne idan ya shiga ruwa, kuma ƙasa da majemar Kawu masu garka suke ɗibar ruwan ban salati da tumatir. Kafin mako ya zagayo magana ta gama bakin kogi. Mutanen da suka shekara suna yi wa Kawu fofo, sannun Zabarmawa, safe da yamma suka daina amsa gaisuwarsa, suka kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce ya dakatar da aiki sai an bincika.

Kawu da kansa ya zo shagona, bai ko zauna ba. Ya ce, "Ɗiyata, abin da ya ci da ni ya ci da uwarki, shi ne kike jin kunyarsa? To da kin bar sunana a waje." Wallahi da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ranar na rubuta wa Baturiyar na faɗa mata gaskiya. Ta ce ita ma tana shirin tambayata, domin ba ta sayen fatar kurom, jimar tsirrai ce abin da masu sayenta ke nema ido rufe. Na gyara bayanin, har da kashin tantabarar, ta karɓi kayanta da murna. Masu bincike suka zo majema ba su sami komai ba sai bagaruwa. Na bi garka-garka ina ba da haƙuri, wasu suka yafe, wasu suka ce babu hayaƙi sai da wuta.

Ƴan uwana masu sana'ar hannu, wannan fasfo yana tafe gare ku, kuma abin farin ciki ne. Amma ku rubuta abin da ke cikin kayanku yadda yake, ko da yana wari, kada ku danna kalmar da ba ku san ma'anarta ba. Ni na ɗauka Turawa kaɗai za su karanta, na manta maƙwabcinka ma yana da waya. Gyaran da na yi bai ɗauke ni shan kofin shayi ba, amma har yau akwai mai garkar da in Kawu ya zubar da ruwa sai ya kashe injin ban ruwansa ya jira.