Gwangwanin da Baba Ya Sa wa Fitila

Yau shekara talatin da takwas ke nan da rasuwar mahaifina, Bawa mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, kuma har yanzu ba na iya bi ta bakin kogin Yamai bayan magariba ban ɗaga kai na dubi fitilu ba. Masu tafiya tare da ni sukan ɗauka sha'awa nake yi. Ba sha'awa ba ce, gabana ne ke faɗuwa.

Baba mutumin Dogon Dutsi ne, dattijo a majami'armu, gajere, ga taurin kai. Muna yara a unguwar Maourey mun sha ranƙwashi a kan barin ampul, ƙwan lantarki, a kunne a ɗakin da ba kowa. Yakan ce a garinsu da taurari ake sanin lokacin shuka, a birni kuwa an kunna wuta an makantar da sama. Mu dai dariya muke masa a ɓoye: ina aka taɓa ganin mai gyaran kuran yana gaba da haske?

A shekarar farin nan da kogi ya janye har ana ƙetare shi da ƙafa, soji ke mulki. Aka kafa wata ƙatuwar fitila kusa da injin jan ruwan sha domin masu gadi, aka ba Baba kula da ita. Sai haskenta ya sauka a kan wani gurbi mai zurfi, inda sauran kifin da ya tsira ya taru. Sarkawa, masuntan kogin, ba sa taɓa irin wannan gurbi sai ruwa ya dawo, don nan ne iri yake. To amma haske na kiran ƙwari, ƙwari na kiran 'ya'yan kifi sama, masu yunwa kuma suna zuwa da gidan sauro suna kwashewa.

Ni lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a unguwar Lazaret, kullum ina awon yaran da ba su fi nauyin kaza ba. Da Baba ya ce zai kare gurbin daga hasken, na taso masa haiƙan. Na ce kifi ya fi mutum ne a wurinsa? Ya ce ruwa zai dawo, amma in an cinye 'ya'yan, jikokin masu yunwar nan kogi marar komai za su gada. Ban yarda ba. Gaskiya har yau akwai ranakun da ban yarda ba.

Duk da haka da ya roƙe ni wofin gwangwanin madara, na kawo masa. Ya yanke shi ya yi wa fitilar hula, haske ya tsaya a kan injin, gurbi ya koma duhu. Abu guda ya manta. A wancan zamani, kowane gwangwanin madarar agaji sai an rubuta sunan ma'aikaciyar da ta karɓe shi da fenti, don sojoji ba sa wasa da kayan agaji. Baba bai kankare sunana ba.

Kwana uku sai ga soja biyu a wurin aikina, riƙe da gwangwanin. Wanda ya karkatar da madarar yara, ko ya taɓa fitilar gadi, kowa ya san inda ake kai shi, ba a dai faɗa. Suka tambaye ni yadda aka yi sunana ya hau kan fitila. Ba su daka mini tsawa ba, ba su ɗaga hannu ba.

"Babana ne," na ce.

Saurin da na yi wajen faɗar kalmomin nan shi ne abin da ke hana ni barci. Wata biyu ba mu san inda yake ba. Ya dawo a rame, da tarin da bai sake shi ba har ya kai shi kabari kafin damina ta biyu. Bai taɓa faɗin abin da aka yi masa ba, bai kuma taɓa tambayar wanda ya ambaci sunansa ba.

Ana saura kwana kaɗan ya cika, na durƙusa gaban gadonsa da niyyar neman gafara. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Talatu, an mayar wa fitilar hularta?"

"An mayar, Baba."

Ƙarya ce. Fitilar ta ci gaba da haska gurbin har ruwa ya dawo. Ya yi murmushi ya juya ya fuskanci bango, ni kuma na tashi da gafarar da ban roƙa ba.

Da zai leƙo Yamai ta yau, ban san me zai ce ba. Otel-otel sun jera fitilu a bakin ruwa, wasu ma sama suke haskawa, kamar akwai abin da aka yar a can. Fitilun hasken rana sun yi araha, kowa ya kafa tasa ta kwana tana ci. Jikata ta gama karatunta na lakwal ba ta taɓa ganin taurarin Kaza da 'Ya'yanta a sama ba. Masunta na kukan kifi ya ragu, kowa da dalilin da yake bayarwa. Ba na cewa a kashe fitilu, mata na dawowa daga kasuwar Kalley da duhu. Baba ma bai kashe tasa ba. Ya dai nuna mata inda aikinta yake, ya hana ta leƙen abin da ba ruwanta.

Bai bar gida ba, bai bar fili ba, hular da ya yi wa fitilar ma kwana uku ta yi. Ko kifi ɗaya ta ceta, ban sani ba. Abin da ya rage shi ne fitilar ƙofar gidana, da ke kallon kogi. Na sa mata gwangwani, maƙwabta suna yi mini irin dariyar da muka yi masa. Na rubuta sunana a jiki da jan fenti, da manyan baƙaƙe. In an zo tambaya, wannan karon ni ce.