Takarkarin da Garinmu Ya Ce Bai Sani Ba

Shekarun baya da yawa, lokacin ina ji da ƙarfina, ina da takarkari guda, wani jan sa mai karyayyen ƙaho. Shi nake labta wa gero daga ƙauyenmu na gefen Ɗanzomo in kai kasuwar Maigatari, in dawo da kanwa. Da shi muke ci, ni da mahaifiyata. Ban da shi ko akuya ba ni da ita.

A shekarar ne aka shiga kama raƙuma da takarkarai ana ɗora musu kayan sojan Turawa zuwa arewa, kuma wanda aka tafi da shi ba a cika ganin dawowarsa ba. Dogaran Sarki ake turowa kamun. Da ma can ba ma shiri da su, domin in dogari ya sauka a gari kazarka tasa ce, dawar dokinsa kuma daga rumbunka za ta fito. To ni, da yake a lokacin gani nake na fi kowa wayo, sai na tara mutane a ƙofar mai gari na kawo shawara. Na ce a kwashe dabbobi a ɓoye a wani kwari da ke bayan gari, kuma duk mai jan rawanin da ya zo yana tambayar sa ko jaki, amsa ɗaya ce: ba mu da shi, ba mu taɓa yi ba, ba mu san mai shi ba. Gida-gida na bi ina biya wa mutane kamar malamin allo. Mahaifiyata kuwa sai da na sa ta maimaita sau bakwai, don na san ta da kuɓucewar baki.

Ba a yi kwana goma ba ɓarawo ya gano kwarin. Bai taɓa na kowa ba sai nawa. Kai ƙara ko a raina bai zo ba, wa zan kai wa? Ni da wani abokina muka bi sawu, ya ɓace mana a cikin rairayi, muka yi canki muka nufi yamma. Kwana biyu muna garari, ba sa ba labarinsa.

Ashe ɓarawon Maigatari ya nufa, yana so ya tsallaka ƙasar Faransa. Wani dogari da ke tsaron kasuwa, dattijo ne mai furfura, ya lura mutum yana jan sa, san yana tirjewa kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya tsare shi da tambaya har ya faɗi ƙauyen da ya ɗauko shi. Aka wuce da ɓarawo Gumel, shi kuma dogarin ya kama igiya ya tako da ƙafarsa har garinmu don ya mayar da sa ga mai shi.

Daga baya na ji yadda aka yi. Suna shigowa gari san ya ja shi har ƙofar gidanmu, ya cusa kai cikin zaure. Mahaifiyata ta fito.

Dogarin ya ce, "Inna, san gidan nan ne?"

Ta ce, "Ba mu da shi, ba mu taɓa yi ba, ba mu san mai shi ba."

Tana faɗa san yana lasar hannunta. Dogarin ya yi mata bayani cewa sata aka yi, dawowa da shi ya yi. Ta sake biya masa karatun, ko harafi ba ta ci ba. Ya je wurin mai gari, mai gari ya ce rabon garin nan da sa tun yana yaro. Bawan Allahn nan ya zauna gindin tsamiya daga hantsi har la'asar ko wani zai zo, kowa ya shige gida ya lafe. Da ya gaji ya ja sa ya nufi Gumel, domin dabbar da ba ta da mai ita can ake kai ta.

Da na dawo, tarata aka yi da murna. Har da masu dafa kafaɗata, wai an turo dogari da dabara, an haɗo shi da sana don a gane masu dabbobi, amma ba wanda ya faɗa tarko. Mahaifiyata tana ta washe baki, jira take in yaba mata. Mutanen da in ka aike su gishiri sai su dawo da barkono, ranar nan kaɗai suka ga damar yin abu daidai.

Washegari na isa Gumel na sami dogarin a ƙofar fada. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, san nan nawa ne."

Ya dube ni ya ce, "Na sani, samari, shi da kansa ya nuna mini gidanku. Amma mahaifiyarka ta ƙi shi, mai garinku ya ƙi shi a gaban jama'a. In na miƙa maka yanzu, gobe a ce sayar da shi na yi. Kawo mutum biyu gaban alƙali ran Litinin, ka tafi da abinka."

Na koma na sake bin gari gida-gida, wannan karon ina roƙo a warware abin da na ƙulla. Wannan ya ce in ya je za a tambaye shi dalilin ƙaryar shekaranjiya. Wancan ya ce daga shaida sai a gangaro kan jakinsa. Mai gari ya kwanta ciwon ƙafa. Mahaifiyata ta yarda, amma aka ce ba a karɓar shaidar uwa ga ɗanta. Abokina ne ya bugi ƙirji ya biyo ni, muna isa ƙofar Gumel ya hango jajayen rawuna, ya ce bari ya zaga. Sai a gida na sake ganinsa.

Na tsaya gaban alƙali ni kaɗai. Aka ce ina shaiduna. Sai dogarin nan ya miƙe ba wanda ya kira shi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai na ga san nan ya shiga gidansu kamar ɗan gida." Alƙali ya ce tafiyar sa ba shaida ba ce, ga kuma maganar gari guda a kaina. Tun da san ba shi da mai shi, aka haɗa shi da ayarin arewa. Ina tsaye a bakin hanya aka wuce da shi da akwatuna biyu a gadon baya. Damina uku ina kai gero Maigatari a ka, har gammo ya cinye mini gashin tsakiya.

Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma na rasa wanda zan ɗora wa. Dogaran da suka shekara suna cin kajinmu su suka sa muke gudun jan rawani, wannan ba na ja. Amma mu ma mun kasa duban fuskar mutum mu gane me ya kawo shi. Ina da dangi a garin nan, ina da maƙwabta da muka tashi tare, ina da mai gari. Ranar da abincina yake hannun alƙali, mutum ɗaya ne ya buɗe baki saboda ni, shi ne kuwa wanda muka bari a gindin tsamiya yini guda ko ruwa ba mu ba shi ba.