Ranar da Na Je Neman Aure Aka Tura Ni Asibiti

Ko shekara nawa zan ƙara a duniya, ba na jin wannan al'amari zai fita daga raina.

Lokacin matata ta yi shekara uku da rasuwa, ina sana'ar wankin hula a Yakasai. Sai na fara ramewa, alhali ina cin tuwon mutum biyu. Barci ya ƙaurace min, gumi ba ya tsayawa, hannuna na rawa, in zo buga hula in bugi yatsana. Abin da ya fi ɗaure min kai, duk sanda na je wurin wata bazawara mai sayar da goro a zauren gidansu, kusa da Ƙofar Mazugal, na ɓare ɗaya muna hira, sai gabana ya kama dukan uku-uku. Na gaya wa abokan sana'ata, suka yanke hukunci baki ɗaya cewa so ne. Ni ma, da furfurata, na yarda.

Wata Juma'a na zuba babbar riga, na je na zayyana mata halin da ta jefa ni. Ta saurara har na gama, amma na lura ba fuskata take kallo ba, wuyana take kallo.

Ta ce, "Malam, haɗiyi yawu in gani."

Na haɗiya. Ta ce ƙanwarta ma ta taɓa yin irin wannan son, maƙoƙo ne, in fara zuwa asibiti.

Bayan gwajin jini, likita ta ce wata 'yar tsoka ce a gaban maƙogwarona ke zuba sinadari fiye da kima, shi ke sa zuciya gudu. Jiki kuma yana da nasa sinadarin da ke taka wa zuciya birki, goro kuwa tare masa hanya yake yi. Da na ƙara jinkiri, in ji ta, da zuciyar ta gaji. Ta rubuta magani, ta raba ni da goro.

Wata huɗu ina shan ƙwaya. Na murmure, bugun ya lafa. Sai na tarar ƙafata ba ta daina zuwa zauren nan ba, ga shi ba abin da nake saya. Da na sake tayar da maganar aure, bazawarar ta ce sai ta ga takardar gwaji tukuna. Na kawo, ta duba gaba da baya, ta ce in turo manya.

Abin da na koya shi ne, in jiki ya canza, likita ake kai wa, ba a yi masa fassara a majalisa. Macen da kuma ta yarda ta yi asarar mai sayen goro don ka rayu, ba a yin sake da ita.