Injiniyan da Ya Hana a Sallami Yayata

Shekara ashirin da biyu, idan Injiniya ya shigo masana'anta ba ya wucewa ofis. Kwandon shara yake fara leƙawa, ya zaro ɓarbashin jiya yana jujjuyawa, har ma'aikata suka sa masa Sarkin Bola. Allon lantarki suke ƙerawa, koren nan mai layukan tagulla da ke cikin rediyo da fitila. Daga babban falle ake yanko allunan, ashirin da huɗu a kowanne, gefe-gefen kuma a zubar.

Yayata tana cikin mata talatin masu liƙa wayoyi da dalma. Da allunan ƙasar waje suka fi nasu araha, manaja ya ce ƙarshen wata zai rufe sashensu. 'Ya'yanta huɗu, mijinta kuma yana kwance.

Injiniya ya nemi sati biyu. Ya sake jera allunan a kan fallen, wasu a tsaye wasu a kwance, har ashirin da takwas suka shiga. Sai dai ya matse su da yawa, wuƙar inji ta ci layukan tagulla, aikin yini guda ya tashi a banza. Manaja ya fara yi wa mai injin yanka faɗa.

"A'a, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. "Ni na zana, shi yanka kawai ya yi."

Ya juya ga mai injin. "Malam, fili nawa wuƙarka ke so?"

"Da ka tambaye ni tun farko, ai da ba mu sha wannan ba. Milimita uku."

Da milimita ukun aka samu ashirin da bakwai. Ƙarin ukun nan ne ya sauke farashi, aka fasa rufe sashen.

Injiniya, wannan watan kake ritaya, sunanka kuwa babu shi a kan ko allo ɗaya. Kai ne mai digirin da bai ji kunyar tambayar na ƙasa da shi ba. Masu tasowa, ku koyi wannan kafin ku koyi zane. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai albarka.

Na ce wa Yaya ta faɗi nata. Ta ce ita ba ta iya jawabi ba, sai dai in gaya maka ƙaramar 'yarta ta gama sakandare, kuma gobe ƙarfe bakwai tana bakin aiki.