Eudosia Mai Gane Kati da Yatsa

A unguwarmu ta Santa Lucía, nan Maracaibo, in gardama ta kaure a kan tsohon katin 'yan wasan besbol, ba a zuwa wurin masana. Rumfar Doña Eudosia Chourio ake zuwa, mai sayar da kofi da soyayyar ayaba da cuku. Ba ta taɓa riƙe sandar besbol ba, kuma ta ce kallon wasan ma barci yake sa ta. Amma tana da shekara sha bakwai aka kai ta Caracas wurin gwaggonta, ta sami aiki a maɗaba'ar da ke buga katunan nan, irin waɗanda ake bugawa a Amurka, hoto ɗaya, suna ɗaya. Shekara uku tana gaban injin yanka takarda. Injin ya ci kan ƙaramin yatsanta na hagu, sauran tara kuwa suka haddace takarda.

"Ido maƙaryaci ne," haka take cewa. "Miƙo in taɓa."

Bara ne aka kawo mata maganar Nectario Villalobos, tsohon direban bas, ubangidan baftismar ɗanta. Nectario ya ba Dakta Hermágoras, likitan haƙori, wani kati da ya gada wurin yayansa, shi kuma Dakta ya ba shi tsohon rediyo. Nectario ya rantse masa katin na Amurka ne, tun na zamanin da. Dakta ya tafi Houston ta Amurka ganin 'yarsa, ya samo irinsa a can, ya jera su, ya ga ba su yi kama ba. Da ya dawo bai je gidan Nectario ba. Teburin wasan domino na gindin mangwaro ya nufa, inda dattawan unguwa ke zama tun kafin a haifi wasunmu, ya ce a gaban kowa: "Macuci. Jabu ka ba ni."

Mako biyu kujerar Nectario a teburin ba kowa. Ko burodi matarsa ke fita saya.

Eudosia ce ta aika a kira su duka biyun, da hantsi, ta ce 'yan domino ma su zo su ji.

"Dakta, aje su nan. Ba a kan maiƙo ba, haba! Kai da ka yi karatu."

"Doña, da girmanki, wannan ba sai an taɓa ba. Dubi nawa yadda yake sheƙi. Dubi nasa, kamar kwalin sabulu."

"To kwalin sabulun nake so in gaisa da shi."

Ta goge hannu a zani, ta rufe ido, ta ɗauki na Houston. Ta shafa fuskarsa da babban yatsa. "Wannan ɗan gata ne. Sun shafa masa mai, sulɓi kamar goshin jariri. Na can ne, ba musu." Ta ajiye, ta ɗauki ɗayan. Ta daɗe. Ta bi gefensa da farce, ta kai shi hanci, sai muka ga ta yi murmushi.

"Kai, ɗan gida," ta ce wa katin. "Ina ka shiga?"

"Kin ji ko?" in ji Dakta. "Ɗan gida. A bayan kasuwa aka buga shi shekaranjiya."

"Shekaranjiyar da nake budurwa, kana yawo ba wando. Haɗa su baya da baya. Ka ga naka ya ɗara shi kaɗan? Mu muke rage bakin, don takarda ta ishe mu. Kwalinmu mai duhu ne, mai kaushi, ba mu da man sheƙi. Masu yin jabu yanzu kyau suke sa wa abu, Dakta. Ba wanda zai zauna ya ƙirƙiro wannan munin. Sai mu."

Aka kwashe da dariya. Nectario dai bai yi ba. Yana tsaye riƙe da hularsa.

Dakta ya juya katin. "To in tsoho ne na gida, ina tabon gam? Kowa ya san mu nan a littafi muke manna su. Duk na gida da na taɓa gani bayansa da tabo. Wannan fes yake."

Gaskiya ya faɗa. Yaran Amurka a akwatin takalmi suke tara nasu. Mu kuwa iyayenmu mata ke dama mana kokon rogo, mu dangwala a kusurwa huɗu, mu liƙa a littafi.

Eudosia ta sake shafa bayan katin, a hankali. Sannan ta buɗe ido ta zuba wa Nectario.

"Ubangidan ɗana. Me ka yi wa katin nan?"

"Ni? Ba komai."

"Nectario."

Ya sunkuyar da kai. "Reza na sa. Na ga bayan da datti, na ce ba zan ba likita abu da datti ba. Kwana biyu ina kankarewa."

"Ka ji sakarai! Shaidarka ce ka kankare da hannunka." Ta fita daga rumfa, ta ɗaga katin ta karkata shi ga rana. "Dakta, sa tabaranka ka zo. Kusurwa huɗu. Ka ga inda takarda ta yi fari-fari, ta tashi kamar gashin kaza? Nan kokon ya zauna shekara arba'in da wani abu."

Dakta ya duba, ya cire tabarau, ya goge, ya sake dubawa.

"Amma ya ce mini na Amurka ne."

"Ya ce, don bai sani ba. Jahili ne, na yarda, ni ma na sha gaya masa. Jahili daban, macuci daban. Kuma irin naka na Houston suna nan a can kamar yashi. Namu kuwa yara sun yayyage su wajen ɓamɓarowa, damina ta cinye sauran. In ba ka so, mayar masa, ga rediyonka can."

Dakta ya yi saurin sa katin a aljihun gaba. "A'a, ai ba a yi haka ba. An riga an yi musaya."

"Riƙe abinka," in ji Nectario. Ya ɗago kai. "Ba kati na zo karɓa ba. Kalmar da ka faɗa a gindin mangwaro, a can nake so ka janye ta."

"Ai ga su nan duk sun ji."

"A can."

Haka muka ɗunguma, mu wajen goma, muka tsallaka titi. Eudosia ba ta bi mu ba, ayabarta na kan wuta. Dakta ya tsaya a daidai inda ya tsaya ranar, ya cire hula, ya ce, "Jama'a, Nectario Villalobos ba macuci ba ne. Ni na yi gaggawa. Ɗan'uwa, ka yafe ni."

Nectario ya ja kujerarsa, ya kakkaɓe ganyen da ya taru a kai, ya zauna.

"Wa ke raba domino?" ya ce.