Sirajuddeen Audu, Mai Shata wa Saƙo Hanya

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Sirajuddeen a shekarar 1957 a unguwar New Bell ta birnin Duwala. Mahaifinsa, Alhaji Audu, ɗan asalin Haɗeja ne mai sayar da yadi a babbar kasuwar birnin, Marché Central, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Delu. Sirajuddeen ne na uku, bayan yayarsu Lauratu da wansa Bukar. Ya sauke Alƙur'ani a 1970, sannan ya kammala makarantar fasaha a 1979.

Aiki

A 1980 hukumar tarho ta ɗauke shi aiki a santiral ta unguwar Bonanjo, wato ɗakin injinan da ke haɗa kira. Muryar masu magana ba ta cikin huruminsa. Nasa shi ne ɗan gajeren saƙon da ke riga murya tafiya ya yi mata sallama, ya tambayo ko layi a buɗe yake. Kowane irin wannan saƙo yana ɗauke da lambar inda za shi da ta inda ya fito, kuma tashoshin tsakiya da ita suke duba hanyar da za su miƙa shi. Sirajuddeen ne ke shata waɗannan hanyoyi, kuma bai taɓa yarda a bar gari da hanya ɗaya ba. Abokan aiki har tsokanarsa suke da kalmarsa: «To, in ta yanke fa?»

Aure da saɓani

Ya auri Ikilima a 1984. A 1989, yana kwas a Faransa, mahaifinsu ya rasu, labari bai iske shi ba sai bayan an yi bakwai. Da ya dawo, Bukar ya kira shi ɗan Nasara a gaban masu ta'aziyya, ya tattara iyalinsa ya koma garin Kuseri, can arewa mai nisa. Daga nan duk gaisuwar Sallah da labarin haihuwa ta bakin Lauratu suke bi. Da ta rasu a 1997, zumunci ya yanke ɗungurungum. Abin takaici, mutumin da ya yi wa kowane gari hanya biyu, ɗaya tal ya bar wa gidansu.

A 1998 aka haifa masa auta, ya raɗa masa suna Bukar, ana ce masa Baffa don sakaya sunan. Babu wanda ya kai wannan labari Kuseri, shi kuma girman kai ya hana shi ɗaga waya.

Ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 2017. A 2022 ciwon ƙoda ya kwantar da shi, tsoron kada ya mutu da gaba a wuyansa ya hana shi sakat. Sai ya tura Baffa Kuseri, bai ba shi saƙon komai ba face ya yi sallama ya faɗi cikakken sunansa, Bukar Sirajuddeen.

Da Bukar babba ya ji an yi masa takwara, sai ya biyo yaron, ya iske ƙanensa da rai amma baki ya rufe, ya zauna riƙe da hannunsa har Allah Ya karɓi abinSa ranar Laraba, 9 ga Nuwamba, 2022. An yi masa sutura a maƙabartar Musulmi ta New Bell, kuma wansa Bukar ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Ya bar matarsa Ikilima da 'ya'ya huɗu: Jannatu, Salman, Latifa, da Bukar, wanda ya kai saƙon. Allah Ya jiƙansa da rahama.